Zare: Yadda intanet ta shaƙe kanta a 1986, da yadda aka koya wa kwamfutoci bin layi

1/
Shekaranjiya da dare, saura minti ashirin a rufe shafin miƙa aikin da malaminmu ya ba mu, fayil ɗina da bai kai megabait ɗaya ba ya ƙi tafiya. Sandunan sabis a cike, data kuma akwai. Ashe abokin ɗakina ne ke ɗora bidiyon bikin yayarsa ta MiFi ɗin da muke karo-karo muna saka wa data.

2/
Na ce "Malam, don Allah dakata min minti ɗaya." Yana dakatawa, aikina ya shige cikin sakan biyu. Abin ya tsaya min a rai: me ya sa ƙaramin saƙo zai maƙale a bayan babba? Waye ke yanke hukuncin wanda zai fara wucewa? Muna kwas ɗin netwok a wannan zangon, sai na shiga tono. Labarin tsoho ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ku gyara zama 🧵

3/
Abu na farko, don kada na bar kowa a baya. Duk abin da ka tura ta intanet, hoto ne ko murya ko bidiyo, ba a dunƙule yake tafiya ba. Ana yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, yawanci bai wuce bait 1,500 ba. Kowane fakiti da adireshinsa a goshi.

4/
A hanya akwai na'urori da ake kira rauta. Aikinsu kamar na ɗan kamasho a tasha: ya duba inda fakiti ya nufa, ya ce bi nan. Idan fakitoci suka zo da yawa fiye da abin da hanyar gaba za ta iya ɗauka, sai rauta ta jera su a layi cikin ɗan ɗakin jiranta. Idan ɗakin ya cika, wanda ya zo daga baya zubar da shi take yi. Ba sallama, ba ban haƙuri.

5/
Wanda ke lura da cewa kaya sun isa lafiya shi ne tsarin TCP, wanda asalinsa ya fito daga maƙalar Vint Cerf da Bob Kahn ta 1974. A ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET, kakar intanet ɗin yau, ta koma kansa gaba ɗaya.

6/
Yadda yake aiki: mai turawa ya aika fakiti, mai karɓa ya mayar masa da rasit cewa ya iso. Idan agogon mai turawa ya cika rasit bai zo ba, sai ya ɗauka fakitin ya ɓata, ya sake tura wani. Da jin wannan ka ce ai hankali ne. To ku riƙe shi, nan ne bala'in zai ɓullo.

7/
TCP na farko ya san yadda zai tausaya wa mai karɓa. Kwamfutar da ke karɓa tana iya cewa "kar ka turo min fiye da kaza a lokaci guda." Amma hanyar da ke tsakaninsu fa? Ba wanda ya tambaye ta. Da an buɗe hulɗa, mai turawa sai ya juye duk abin da aka yarje masa a lokaci ɗaya, ko da hanyar siririya ce.

8/
Wanda ya fara buga ƙararrawa shi ne John Nagle, injiniya a kamfanin Ford Aerospace. A Janairun 1984 ya fitar da takarda mai lamba RFC 896. RFC ɗin nan jerin takardu ne da injiniyoyin intanet ke rubuta ƙa'idojinsu a ciki tun 1969, kuma har yau kyauta ne, kowa na iya karantawa.

9/
Nagle ya ga abin da idonsa a netwok ɗin kamfaninsu. Ya bayyana cewa idan layi ya yi tsawo, rasit zai makara. Idan rasit ya makara, mai turawa zai zaci fakitinsa ya ɓata alhali yana nan tsaye a layi, sai ya turo kwafi. Kwafin ya ƙara wa layin tsawo. Rasit ya ƙara makara. A sake turo wani kwafin. Ana magani kai na kaba.

10/
Ƙarshenta hanya a cike take maƙil, wayoyi na ta aiki ba hutu, amma kusan duk abin da ke wucewa maimaici ne na abin da ya riga ya isa. Kuma abin tsoron, in an shiga wannan hali ba ya warwarewa da kansa. Nagle ya kira shi durƙushewar cunkoso.

11/
A wannan takardar ce kuma ya yi ƙorafin wata ɓarna: mutum na buga rubutu zuwa kwamfuta mai nisa, kowane harafi ɗaya sai a tura shi cikin fakiti mai bait 41. Bait 40 na adireshi da bayanan kai, bait 1 na saƙo. Kamar ka ɗauki hayar tirela don kai ƙwayar goro ɗaya.

12/
Mutane sun karanta, amma ba a ɗauki gargaɗin da zafi ba. Sai ga 1986. Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta haɗa manyan cibiyoyin kwamfuta a wurare shida da layuka masu gudun kilobit 56 a sakan, aka kira shi NSFNET. Jami'o'i suka yi ta tururuwar shigowa. Kilobit 56 fa, ƙashin bayan ƙasa guda. Yau in wayarka ta sauka zuwa wannan gudun, kashe ta za ka yi ka kunna.

13/
Oktoban 1986 abin da Nagle ya faɗa ya faru. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tazarar yadi 400 ce kawai, kusan mita 365. Gudun data tsakaninsu ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40.

14/
Ku tsaya mu yi lissafi don ku ji nauyin abin. Bit 40 a sakan haruffa biyar ke nan. Rubutu mai haruffa 280 zai ci kusan minti ɗaya. Hoto mai megabait 2, wanda a gudun farko zai ɗauki minti takwas da 'yan kai, yanzu zai ɗauki fiye da kwana huɗu da rabi. Da ka kwafa a takarda ka taka da ƙafa, da ka riga shi isa 😭

15/
Kuma ba waya ce ta tsinke ba. Ba wuta aka ɗauke ba. Ba wani ɗan kutse. Kowace kwamfuta tana bin ƙa'idar da aka rubuta mata daidai. Biyayyarsu ce ta kashe hanyar.

16/
A ɓangaren NSFNET, masu kula da ita sun yi dabarar gaggawa. Rautocinsu wasu ƙananan kwamfutoci ne da ake kira Fuzzball, manhajar David Mills, mutumin da ya ƙirƙiro NTP, tsarin da kwamfutocin duniya ke saita agogonsu da shi. Suka sa rautocin su fifita fakitocin wanda ke zaune gaban allo yana buga rubutu yana jiran amsa, a kan na mai kwasar babban fayil.

17/
Wato dai matsalata da abokin ɗakina, tun kafin a haife mu. Dabarar ta rage raɗaɗi, kuma a 1988 aka ɗaga layukan zuwa megabit 1.5. Amma ainihin ciwon yana cikin kwamfutocin da ke turawa, kuma can Van Jacobson ya nufa.

18/
Jacobson ma'aikaci ne a cibiyar Lawrence Berkeley ɗin nan da abin ya shafa. Ya haɗa kai da Mike Karels na rukunin da ke kula da BSD Unix a jami'ar. Wannan haɗin yana da muhimmanci, domin a lokacin ɗimbin kwamfutocin da ke intanet manhajar TCP ta BSD suke amfani da ita. In ka gyara a nan, gyaran zai bazu.

19/
Tunaninsa na farko mai sauƙi ne har ka ji haushin ba kai ka yi shi ba: idan hulɗa ta daidaita, kada a saka sabon fakiti a hanya sai wani tsoho ya fita. Ta yaya za ka san ya fita? Rasit. Duk rasit ɗaya da ya dawo, izini ne na tura fakiti ɗaya.

20/
Daɗin abin shi ne, fakitoci na fitowa daga wuri mafi ƙunci a hanya da tazarar da wurin ya ba su. Rasit ma da wannan tazarar zai dawo. Saboda haka mai turawa zai tsinci kansa yana tafiya daidai da gudun wuri mafi ƙunci, ba tare da kowa ya gaya masa gudun ba. Ranar da na gane wannan a aji, sai da na ce kai!

21/
To amma a farkon hulɗa babu rasit ko ɗaya, da me za a fara? Amsarsa: fara da fakiti ɗaya. Rasit ya dawo, tura biyu. Suka dawo, huɗu, takwas, sha shida. Sunan dabarar "farawa a hankali", kodayake mai ninka kansa a kowane zagaye ba a ce masa mai nawa ba. An sa mata sunan ne don an kwatanta ta da juye kaya gaba ɗaya da ake yi a da.

22/
Sai agogo. Tsohon tsari yana ɗaukar matsakaicin lokacin zuwa da dawowa ya ninka biyu, in ya wuce haka ya ce fakiti ya ɓata. Jacobson ya nuna cewa in hanya ta cika, lokacin yana hawa da sauka sosai, don haka dole a riƙa auna wannan tangal-tangal ɗin ma a saka shi a lissafi. In kuma ka sake turawa shiru, ninka lokacin jiranka. Shiru kuma, sake ninkawa.

23/
Na ƙarshe, kuma shi ne zuciyar labarin. Ta yaya kwamfuta za ta san hanya ta cika, alhali rauta ba ta magana? Jacobson ya ce: a kan waya, da wuya fakiti ya lalace haka kawai. In ya ɓata, to kusan tabbas wata rauta ce ta zubar da shi don ɗakinta ya cika. Ɓatan fakiti shi ne saƙon.

24/
Da ka ga haka, raba abin da kake turawa biyu. Daga nan ka riƙa ƙara fakiti ɗaya tak a kowane zagaye, har ka sake taɓa rufi, ka sake rabawa. Hawa da ɗaiɗai, sauka da rabi. In ka zana shi a takarda haƙoran zarto zai ba ka.

25/
Wannan ba shi kaɗai ya hango shi ba, kuma shi ma ya faɗa. Raj Jain da K. K. Ramakrishnan da Dah-Ming Chiu na kamfanin DEC suna kan irin wannan aikin. A 1989 Chiu da Jain suka nuna da lissafi abin da ya sa wannan salon ne ke kai mutane ga rabo daidai.

26/
Ga misali da na gwada a bayan littafina. Hanya na ɗaukar 100. Ali na tura 80, Binta 20. Hanya ta cika, kowa ya raba biyu: 40 da 10. Tazararsu ta sauko daga 60 zuwa 30. Kowa ya yi ta ƙara ɗaiɗai har suka kai 65 da 35. Aka sake rabawa: 32.5 da 17.5. Tazara 15. Haka za ta yi ta raguwa.

27/
Ali bai san da Binta ba. Binta ba ta san da Ali ba. Babu shugaba, babu mai rabo. Mai yawa ne ke asarar da ta fi yawa duk lokacin da aka raba, shi ke nan sirrin.

28/
Gyaran ya shiga BSD ta 1988 da ake kira Tahoe, Jacobson ya gabatar da maƙalarsa a taron SIGCOMM a Stanford cikin Agustan shekarar. A Oktoban 1989 takardar RFC 1122 ta mayar da shi wajibi ga duk mai rubuta TCP. A 1990 sigar Reno ta zo da ƙarin gyara. Lokacin da shafukan yanar gizo suka fashe a shekarun 1990, a kan wannan tubalin suka hau.

29/
Amma akwai rami, kuma Nagle ya riga ya hango shi tun Disambar 1985 a wata takardar, RFC 970. Duk wannan tsari ya dogara ne da kunya. In kowa na ja da baya, kai kuma ka ƙi, kai ne za ka cinye hanyar. A layi guda ɗaya na wanda ya riga zuwa shi zai riga wucewa, mai rashin kunya ne ke cin riba.

30/
A takardar ya yi wata tambaya da na so ƙwarai: to in aka ba rauta ɗakin jira marar iyaka fa, yadda ba za ta taɓa zubar da fakiti ba? Amsa: abin ya fi muni. Layi zai yi ta tsawo har kowane fakiti wa'adinsa ya ƙare kafin ya isa. Ku riƙe wannan ma, za mu dawo kansa bayan shekara 25.

31/
Shawararsa: a daina layi ɗaya. Kowane mai turawa a ba shi layinsa, rauta ta riƙa zagayawa tana ɗaukar ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Wanda ya turo da yawa, layinsa kawai ya tsawaita, kansa ya cuta.

32/
A 1989 Alan Demers da Srinivasan Keshav da Scott Shenker suka ce da saura. In ana ɗaukar fakiti ɗaiɗai, mai manyan fakitoci ya fi mai ƙanana samu. Suka gyara lissafin ya koma kan yawan bit. A 1995 Shreedhar da Varghese suka kawo hanya mai arha ta yin hakan: kowane layi a ba shi kason bait a zagaye, in bai cinye ba a ajiye masa canjinsa zuwa zagaye na gaba.

33/
Nan sai na ɗan ratse don Sally Floyd, domin 'yan uwa mata da ke ganin fannin nan na maza ne. Digirinta na farko a ilimin zamantakewa ta yi. Ta yi shekaru tana aikin kwamfutocin jirgin ƙasan BART a yankin San Francisco kafin ta koma ta yi digirin digirgir. Ta rasu a 2019 tana cikin waɗanda aka fi ambaton aikinsu a wannan fanni.

34/
Ita da Jacobson suka lura cewa in rauta ta jira sai ɗakinta ya cika sannan ta zubar, kowa zai yi asara lokaci guda, kowa ya ja baya lokaci guda, hanya ta zama wayam, sannan kowa ya dawo lokaci guda. A 1993 suka fito da RED: tun layi bai cika ba, a riƙa tsintar fakiti jefi-jefi ana zubarwa, don masu turawa su rage gudu ɗaya bayan ɗaya.

35/
A takarda ya yi kyau. A aikace saita shi na da wuya, masu kula da netwok da yawa suka bar shi a kashe. Wannan ya sa na daina yarda cewa dabara mafi kyau ita ke cin kasuwa. Wadda mutum zai kunna ya tafi barci ita ke ci.

36/
Yanzu tambayar da ta fi ba ni ciwon kai: adalci tsakanin wa da wa? TCP na raba hanya ne tsakanin hulɗoɗi, ba tsakanin mutane ba. Duk wanda ya taɓa amfani da IDM ya ga yadda yake yanka fayil gida takwas ko sha shida yana saukewa lokaci guda. Kowane yanki hulɗa ce mai zaman kanta. Kai ka shiga layi sau takwas, maƙwabcinka sau ɗaya. Na yi, kun yi, kar wanda ya yi musu 😅

37/
BitTorrent ya kai abin ƙarshe, hulɗoɗi barkatai dare da rana. A 2007 Bob Briscoe, mai bincike a kamfanin BT na Birtaniya, ya rubuta maƙala mai zafi yana cewa wannan rabon na kowace hulɗa ba adalci ba ne ko kaɗan, a auna cunkoson da kowane mutum ke jawo wa wasu.

38/
A shekarar ce aka gano kamfanin Comcast na Amurka yana cusa fakitocin bogi masu katse hulɗar masu BitTorrent ba tare da ya sanar da su ba. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ce ya saɓa a 2008. A 2010 kotu ta ce hukumar ba ta da hurumin. Rigimar ko kamfani na da ikon fifita wani kaya a kan wani ta ci gaba shekara da shekaru.

39/
Su kuma masu BitTorrent suka ɗauki wata hanya da ta burge ni. Suka koma wani tsari, LEDBAT, wanda ke auna jinkiri: da ya ji layi ya fara tsawo, sai ya ja baya tun kafin a zubar da fakitin kowa. Ya mayar da kansa na ƙarshe a layi da gangan. In hanya ba kowa ya kwasa, in wani ya zo ya matsa masa.

40/
Mu koma ga tambayar Nagle ta ɗakin jira marar iyaka. Shekaru na tafiya, ma'ajiyar kwamfuta ta yi arha. Masu ƙera rauta da modem suka ce zubar da fakiti ai asara ce, bari mu faɗaɗa ɗakin jira. Niyya mai kyau. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

41/
Ku tuna, ɓatan fakiti ne kaɗai ke gaya wa TCP ya rage gudu. In ɗakin jira ƙato ne, ba abin da zai ɓata sai can da nisa. Mai ɗora bidiyo zai yi ta ƙara gudu har ya cika ɗakin taf, ya kuma riƙe shi a cike. Duk wani ƙaramin fakiti da ya zo, na kira ne ko na buɗe shafi, sai ya bi bayan wannan dogon layin.

42/
A 2010 Jim Gettys, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tsarin X Window, yana tura manyan fayiloli daga gidansa sai ya ga jinkirin layinsa ya haura sakan guda. Ya bi diddigi ya ga ba gidansa kaɗai ba ne, cutar tana ko'ina: rautocin gida, modem, wayoyi. Ya raɗa mata suna, ma'anarsa kumburin ma'ajiya.

43/
Da na karanta wannan sai na tuna daren shekaranjiya. Alamun duka sun dace: sabis a cike, data akwai, mutum ɗaya na ɗora babban fayil, komai na kowa ya tsaya, yana dakatawa komai ya dawo. Na so in ba abokin ɗakina haƙurin hararar da na yi masa, sai na fasa.

44/
Magani ya zo a 2012 daga Kathleen Nichols da, ku canka, Van Jacobson dai. Sunansa CoDel. Ba ya ƙirga yawan fakitocin da ke layi, yana duba tsawon lokacin da kowanne ya yi a tsaye. In an shafe milisakan 100 ba a samu wanda ya wuce cikin ƙasa da milisakan 5 ba, to layin ya zama zaunanne, sai ya fara zubarwa. Kuma ba ya buƙatar saiti irin na RED.

45/
Eric Dumazet ya haɗa shi da tsohuwar shawarar Nagle ta layi-layi, aka sami fq_codel a Linux: layuka 1,024, ana zagaya su da dabarar ajiye canji ta 1995, kuma hulɗar da ba ta tara komai a layi ba ita ake fara sallama. Shawarar 1985 sai da ta jira shekara 27 kafin ta shigo rautar gida.

46/
Ina mu a wannan labarin? Akwai wani rashin adalci a tsarin Jacobson da ya fi shafar na nesa. Ana ƙara gudu ne a kowane zagaye, wato duk lokacin da rasit ya je ya dawo. Wanda ke kusa da saba, wadda masu fassara ke kira uwar garke, zagayensa gajere ne, yana hawa da sauri. Na nesa yana rarrafe.

47/
Yayyenmu da suka yi zamanin kafe mai tauraron ɗan Adam sun sha wannan. Tauraron yana sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, zuwa da dawowa na cin rabin sakan ko fiye. Daga fakiti 1 zuwa 64 zagaye shida ne. Mai zagayen milisakan 20 ya gama cikin milisakan 120. Mai zagayen milisakan 600 sai ya yi fiye da sakan uku da rabi. Kowace sabuwar hulɗa kuma daga farko za a fara.

48/
Shi ya sa kawo saba kusa ke da tasiri ko da ba a ƙara faɗin hanya ba, kuma shi ne amfanin cibiyoyin musayar intanet irin IXPN a Nijeriya: saƙon da zai je maƙwabta ba sai ya zaga ta Landan ba. An kuma yi gyara a tsarin kansa. CUBIC, wanda Linux ta ɗauka a 2006, yana hawa ne bisa agogo, don rage fifikon na kusa. Android a kan Linux aka gina ta.

49/
Matsala ta biyu: zaton cewa duk fakitin da ya ɓata cunkoso ne. A kan waya haka ne. A iska kuwa fakiti na iya lalacewa don sigina ta yi rauni, TCP ya rage gudu a banza. A 2016 injiniyoyin Google, Jacobson na cikinsu, suka fito da BBR, wanda ke auna faɗin wuri mafi ƙunci da gajeren lokacin zagaye, ya daidaita tafiyarsa da su. YouTube na amfani da shi.

50/
Mutum ɗaya, shekara 30 tsakani, ya dawo yana kwance zaton da shi ya kafa. An kuma yi ta muhawara a kan ko sigar BBR ta farko na danne masu tsohon tsari in sun haɗu a hanya ɗaya, har aka yi ta sake mata fasali. Rigimar rabo ba ta mutu ba.

51/
Wani lokacin kuma lissafi ba ya isa, sai mutane sun yi magana. A Maris ɗin 2020, da kullen korona ya tura kowa gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi shugaban Netflix su rage nauyi. Suka rage ingancin bidiyo a Turai na kwana 30, abin da suka ce zai rage kayansu da kusan kashi 25 cikin 100. YouTube ma ta sauke ingancin da bidiyo ke buɗewa da shi.

52/
Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Aka karkatar da kaya zuwa sauran hanyoyin da suka rage. Da yawanmu mun ga intanet na jan ƙafa, bankuna na wahala. Hanyoyin da suka rage sun cika, amma ba su koma bit 40 ba, domin kowace waya da kowace saba na ta raba gudunta biyu ba tare da mun sani ba.

53/
Ko garaɓasar datar dare da muke kwana muna jira, ita ma tsara layi ce, da farashi aka yi ta maimakon lissafi. Hanya ba kowa bayan sha biyu, sai a rage kuɗi don masu manyan kaya su koma can.

54/
In kuna son gani da idonku: a kwamfuta ku buɗe wurin ba da umarni ku rubuta ping 8.8.8.8, ku duba lambar milisakan da ke fitowa. Ku bar shi yana tafiya, sai ku fara ɗora babban bidiyo ta wannan layin. In lambar ta yi tsalle daga gomomi zuwa ɗaruruwa, kun kama kumburin da Gettys ya kama. Ku turo min hoton allonku a ƙasa, ina son in ga na garuruwa daban-daban.

55/
Ni da mutumina mun sasanta: bidiyon biki sai bayan sha biyun dare. Saura kashi uku bai ɗora ba, wai har da na kamu. Ni kuma jibi ina da jarrabawar gwaji a wannan kwas ɗin, ku sa ni a addu'a. Sai da safe.